Karfasa Da Tarwadar Gona: Ribar Ɗan Kasuwa Daga Gidan Ƙyanƙyasa Take Farawa

Duk wanda ya daɗe yana harkar kifi a kasuwannin kan iyaka, tun daga Gaya da Kamba, zuwa Ƙonni da Illela, har Jibiya da Maigatari, ya san cewa kayan da ake saukewa a yau sun sha bamban da na shekaru 20 da suka wuce. A da idan an ce kifi, to ana nufin bandar Tafkin Chadi da ke fitowa ta Baga da Difa, ko kuwa na kogin Isa, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira Kwara. Yanzu kuwa da yawa daga cikin tarwadar da ake kyafewa, da karfasar da ke zuwa cikin ƙanƙara, ba su taɓa ganin koma ko ƙugiyar masunci ba. A kududdufi aka haife su, da buhun abinci aka raine su.

Dalilan haka ba ɓoyayyu ba ne. Tafkin Chadi da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Sannan rashin tsaro ya zo ya ƙara dagula al'amura, har ta kai ga an hana su da cinikin kifi a jihar Difa daga 2015 zuwa 2019. A duniya baki ɗaya ma abin da ke faruwa ke nan, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a 2022, karo na farko a tarihi, abin da aka kiwata na dabbobin ruwa ya zarce abin da aka kamo, inda ya kai tan miliyan 94.4. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa kiwon tarwadar Afirka, ta samar da kifin gona sama da tan 316,000 a 2015.

To amma akwai abin da ke ɗaure wa 'yan kasuwa kai. Manoma biyu za su zuba 'ya'yan kifi a wata ɗaya, su sayi abinci iri ɗaya, amma ranar kwashewa sai a ga na wannan biyu ko uku sun cika kilo, na wancan kuwa sai an tara goma. Wanda ya ba manomi na biyu kuɗin kafin alƙalami, shi ne zai kwana da asara. Masana kimiyya sun shafe fiye da shekaru 60 suna bin diddigin wannan lamari, kuma abin da suka gano shi ne, galibi tun a makonnin farko na rayuwar kifin ake yanke hukuncin girmansa, ta hanyar abu biyu: namiji ne ko mace, kuma su wane ne iyayensa.

Me ya sa ake gudun macen karfasa?

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, kifi ce mai saurin balaga. A cikin kududdufi takan fara haihuwa tana da wata 5 zuwa 6, wani lokaci tun ba ta kai tafin hannu ba. Namiji ne ke haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, mace ta zo ta zuba ƙwai, ya barbare su, sai ta kwashe su cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Tsawon mako ɗaya zuwa biyu da take ɗauke da su, kusan ba ta cin komai, kuma bayan 'yan makonni sai ta sake sabon zagaye. Ƙaramar mace mai nauyin giram 100 tana iya zuba ƙwai kamar 100 a lokaci guda, babba kuwa takan haura 1,000.

Saboda haka abincin da manomi ya saya da tsada, maimakon ya zama tsoka, sai ya tafi wajen yin ƙwai. Kafin a ankara kududdufi ya cika da ƙananan kifaye masu rububin abinci da iska, kowa ya tsumbure, babu mai girman da zai yi daraja a kasuwa. Namiji kuwa ba ya da wannan ɗawainiya, shi ya sa a wurare da dama yakan yi kusan ninki biyu na mace a saurin girma. Wannan ne ya sa burin kowane mai kiwon karfasa, daga Masar har Tailan, shi ne ya zuba maza zalla.

Dabarun farko

Hanya mafi sauƙi ita ce tsince su da hannu. Idan kifin ya kai kamar giram 30, mai ido yana iya birkice shi ya duba ƙasan cikinsa ya rarrabe namiji da mace. Sai dai aiki ne mai cin lokaci, ga kuskure, ga kuma asarar rabin kifin da aka riga aka ciyar. Kuskure kaɗan ma ya isa, domin idan mata 50 suka kuɓuce cikin kifi 1,000, kuma kowace ta zuba ƙwai 200, to an samu baƙi 10,000 da ba a gayyata ba.

A 1960 wani masani ɗan Ingila mai suna Hickling, da ke aiki a tashar bincike ta Malaka a ƙasar Malesiya, ya lura cewa idan aka haɗa wasu jinsunan karfasa biyu daban, 'ya'yan kan fito maza kusan duka. Daga baya manoman Isra'ila suka riƙa haɗa macen karfasar Nilu da namijin shuɗiyar karfasa, wadda ita ma 'yar asalin kogin Isa da Tafkin Chadi ce. Dabarar tana aiki muddin iyayen tsantsa ne. Da zarar jini ya gauraya a gidan ƙyanƙyasa, sai mata su dawo.

Maganin cikin abinci da tambayar masu saye

A shekarun 1970 aka fito da hanyar da har yau ta fi yaɗuwa. Lokacin da ɗan karfasa ya fito daga ƙwai, jikinsa bai gama tsayawa kan namiji ko mace ba. Idan aka cuɗa masa wani sinadari mai kama da na mazantaka, wanda ake kira metiltestostaron, a cikin abincinsa na farko, kamar miligiram 60 a kowane kilo na abinci, na tsawon kwana 21 zuwa 28, to kashi 95 cikin 100 ko fiye za su tashi maza. Sharaɗin shi ne a fara tun suna ƙanana ƙwarai, ba su wuce tsawon ƙwayar shinkafa da kaɗan ba. Wanda ya makara, ko ya yi ƙwauron maganin, zai sayar wa manomi gauraye da sunan maza.

Nan ne tambayar da masu saye ke yawan yi wa 'yan kasuwa ta samo asali: shin cin irin wannan kifi ba zai taɓa lafiyar mutum ba, musamman ta wajen iyali? Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne, sinadarin yana fita daga jikin ɗan kifin cikin 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni bayan an daina ba shi, alhali kifin ba ya zuwa kasuwa sai bayan wata 5 ko 6, lokacin da nauyinsa ya ninka sau ɗaruruwa. Inda haɗarin yake shi ne wajen ma'aikacin da ke cuɗa maganin da hannu ba safa, da ruwan gidan ƙyanƙyasa idan aka sake shi cikin rafi ba a tace ba, da kuma wanda zai ba babban kifi maganin bisa jahilci. Shi ya sa ƙasashe da dama suka kafa masa dokoki masu tsauri, kuma shi ya sa masana suka shiga neman hanyar da ba sai an ba kifin ci wani magani ba.

Abin da aka gano a cikin gado

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mai rai akwai wasu 'yan sanduna da ba a gani sai da madubin likita, waɗanda ke ɗauke da umarnin gado. Masana na kiran su kuromosom. Biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ɗan Adam na da tagwaye 23, karfasar Nilu na da 22. A wajen mutum, mace na ɗauke da XX, namiji kuma XY, wato uba ne ke ba da Y ɗin da ke sa a haifi namiji. Karfasar Nilu ma haka tsarinta yake, shi ya sa idan an bar ta da halinta ake samun rabi maza rabi mata.

Daga nan ne masu bincike na Jami'ar Suwansi da ke Birtaniya, tare da takwarorinsu na wata jami'ar aikin gona a tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, suka yi wani lissafi a shekarun 1990. Sun ce, da za a samu namiji mai YY, to ba shi da abin da zai ba 'ya'yansa sai Y, ke nan duk macen da ya barbara maza za ta haifa. Ga yadda suka yi. Sun ɗauki 'ya'yan kifi masu XY suka ba su sinadarin mata, suka tashi suna yin ƙwai duk da cewa gadonsu na maza ne. Suka haɗa su da maza na ainihi, sai kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ya fito da YY. Waɗannan su ne ake kira gwarazan maza. Idan aka haɗa su da mata na yau da kullum, fiye da kashi 95 cikin 100 na 'ya'yansu maza ne, ba tare da an ba su magani ko kaɗan ba. Kakanninsu ne kawai suka sha magani, su kuwa ba a kai su kasuwa.

Wahalar wannan hanya a wancan lokaci ita ce, ido ba ya bambanta namiji mai XY da mai YY. Sai an bar shi ya haihu, an raini 'ya'yan, an ƙirga maza da mata, aikin da kan ci shekaru. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne gano ainihin ƙwayar gadon da ke ba da umarnin. A 1990 aka gano ta ɗan Adam. A 2002 masanan Japan suka gano ta farko a jikin kifi, a wani ɗan ƙaramin kifin fadamar shinkafa mai suna medaka. A 2014 aka wallafa taswirar gadon karfasar Nilu, sannan a 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa wata ƙwayar gado da suka sa wa suna amhy ita ce makullin mazantaka a irin karfasar da suka gwada: da suka kashe ta, sai masu XY suka tashi mata. Yanzu da ɗan guntun fiffiken kifi ana iya sanin gadonsa a ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abin mamaki a nan shi ne, kifaye ba su bin ƙa'ida ɗaya. A wajen shuɗiyar karfasa uwa ce ke yanke hukunci, kamar yadda yake a wajen kaji. Ko a cikin karfasar Nilu kanta, binciken da aka yi kan kifayen daji ya samu amhy a na Tafkin Bolta na Ghana da na Tafkin Koka na Habasha, amma a wani tafkin na Habasha mai suna Hora an tarar da maza da yawa da ba su da ita. Ma'anar wannan ga mai harka ita ce, gwarzon namijin da ya ba da maza zalla da matan wani iri, ba lallai ne ya yi haka da matan wani kogi ba.

Zafin ruwa ma yana da ta cewa

A 1995 wani masani ɗan Faransa mai suna Baroiller da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka raini 'ya'yan karfasa cikin ruwa mai zafin da ya haura digiri 32, musamman wajen 36, daga kamar kwana na 10 bayan barbara, na tsawon kwana 10 ko fiye, to da yawa daga cikin masu XX za su tashi maza. Ba kowane gida na kifi ke amsa wannan zafi daidai ba, kuma halin amsawar ana gadonsa. Masana a Jami'ar Gotingen ta Jamus sun yi ta zaɓen gidajen da suka fi amsawa, har suka samu maza fiye da kashi 90 cikin 100 da zafin ruwa kawai.

Wannan bincike ya shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a yankin da ruwan gefen tafki kan yi zafi ƙwarai a watannin bazara. A tafkin Kou da ke kusa da Bobo Julaso, masu bincike na Burkina Faso da Faransa sun ba da rahoto a 2019 cewa sun samu mazan karfasa na daji masu ɗauke da XX, wato gadon mata. Irin wannan namiji, idan mai gidan ƙyanƙyasa ya kamo shi ya sa shi cikin iyaye bai sani ba, kusan duk 'ya'yansa mata za su fito. Ka ga ke nan mutum na iya sayar da mugun iri ba da niyyar cuta ba.

Tarwada: tata matsalar daban ce

Ita tarwada ba ta cika kududdufi da 'ya'ya, hasali ma ƙin haihuwa take yi idan tana tsare. A daji sai damina ta sauka, ruwa ya malala cikin ciyayi, sannan take zuba ƙwai. A cikin kwamin siminti kuwa ƙwan zai nuna a cikinta, amma ƙwaƙwalwarta ba za ta ba da umarnin sakinsa ba. Tun a shekarun 1930 masanan Brazil suka gano cewa idan aka ciro wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi, aka niƙa ta aka yi wa mace allura, za ta saki ƙwai. A shekarun 1970 aka fara gwajin kiwon tarwadar Afirka a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, sannan masanan Holan suka gyara dabarar. A shekarun 1980 kuma wani masani ɗan Sin da wani ɗan Kanada suka haɗa maganin da ya zama tushen allurar Ovaprim, wadda gidajen ƙyanƙyasa da yawa ke amfani da ita.

Ana yi wa uwa rabin mililita a kowane kilo na nauyinta. Bayan kamar awa 10, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a matse cikinta a hankali ƙwai su zubo cikin roba, kuma uwa mai kilo ɗaya takan ba da fiye da 50,000. Namiji kuwa ba ya matsuwa, don haka galibi sai an yanka shi an ciro marainansa an tsiyaye ruwan a kan ƙwan. Cikin kwana ɗaya sun ƙyanƙyashe. Ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe wannan da kyau domin amsa wa masu tambaya: uwar ce ake yi wa allurar, ba 'ya'yan da ake kiwatawa a kawo kasuwa ba.

Amma dubi inda gizo ke saƙa. Tunda mace ɗaya da namiji ɗaya sun isa su cika gona, kuma kullum ana yanka mazan, sai mai ƙaramin gidan ƙyanƙyasa ya riƙa ɗebo iyayen gobe daga cikin 'ya'yan jiya, wa da ƙanwa, shekara da shekaru. Makiyayi ya san abin da ke faruwa idan garke ya daɗe ba a sauya bijimi ba. A wajen kifi ma haka ne: girma ya ragu, cuta ta riƙa kama su da wuri, a riƙa ganin masu karkataccen baya da masu naƙasasshen kai. Akwai kuma wata cutar da ta fi wannan, wato a tace manyan 'ya'ya a sayar, ragowar da suka tsumbure a ajiye su wata biyu ko uku, sannan a sayar wa baƙo da sunan sababbin ƙyanƙyasa. Tsawonsu daidai, amma tsofaffi ne, kuma ba za su taɓa kamo tsaransu ba.

Wasu gidajen kuma suna haɗa tarwada da ramboshi, dabarar da aka fara gwadawa a Afirka ta Kudu a 1985. Ɗan da ake samu yana da saurin girma da juriya. Ana gane shi ta fiffiken baya: na tarwada dogo ne har kusa da wutsiya, ramboshi na da wani babban fiffiken tsoka a bayan na farko, ruwa-biyun kuwa nasa ɗan ƙarami ne. Kifin ci ne mai kyau, sai dai kamar alfadari, ba a dogara da shi wajen iri, domin haihuwarsa ba ta da tabbas.

Irin Afirka da ya je Asiya ya yi suna

A 1988 wata cibiyar binciken kifi ta duniya, wadda yanzu ake kira WorldFish, ta fara wani aiki a Filifin tare da masanan ƙasar da na Norwe. Sun tattaro karfasar daji daga Masar da Ghana da Kenya da Senegal, suka haɗa da iri 4 da ake kiwo a Asiya, suka riƙa zaɓen gidajen da suka fi saurin girma a kowane zuriya. Bayan zuriya 5 sai suka ba da rahoton cewa saurin girma ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin 100. Wannan iri shi ake kira GIFT, kuma jininsa na cikin karfasa mai yawa da Asiya ke fitarwa. Wato dai wani ɓangare na kifin ƙanƙarar da ke shigo mana cikin kwali, jikan kifin Bolta da kogin Senegal ne.

Babu wani siddabaru a cikin aikin. Abin da ake yi wa shanun Azawak a tashar Tukunus, da jar akuyar Maraɗi, shi aka yi wa kifi: a zaɓi nagari, a rubuta asalinsa, a hana dangi na kusa haɗuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masar, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka kiwon kifi, ta fara nata zaɓen a tashar Abbasa a 2002, Ghana kuma ta fitar da irin Akosombo daga kifayen Bolta. A 2022 aka sa hannu kan yarjejeniyar kai GIFT Najeriya bisa ƙa'ida, da sharaɗin killacewa da gwajin lafiya.

Ya kamata a bambanta duk waɗannan da kifin da aka sauya wa ƙwayar gado a ɗakin gwaji. Irin wannan akwai shi: Amurka ta amince da wani kifin salmon a 2015, ko da yake kamfanin ya dakatar da kiwonsa a ƙarshen 2024, Japan kuma ta fara sayar da wani kifin teku da aka gyara wa gado a 2021. Amma GIFT da Akosombo da 'ya'yan gwarzon namiji ba sa cikin wannan rukuni, domin ba a cusa musu gadon wata halitta ba.

Darasin Tafkin Bolta

Sunan da irin Asiya ya yi ya sa wasu suka riƙa shigo da shi ta bayan fage, kuma a nan ne batun ya taɓa masu harkar kan iyaka. A Ghana irin Akosombo aka amince a kiwata a Bolta, amma wani bincike da aka wallafa a 2019 ya samu jinin GIFT a wasu gonaki na yankin. A tsakiyar 2018 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da karfasa da ƙwanta na wata 6 saboda tsoron wata annoba da aka fara ganowa a Isra'ila. Duk da haka, a ƙarshen shekarar wata cutar daban mai kama saifa da ƙoda ta faɗa wa kejunan tafkin, ta fi yin ɓarna a kan ƙananan kifi. Abin da Ghana ta samar ya faɗo daga kimanin tan 76,000 a 2018 zuwa kimanin 52,000 a 2019. Masana da dama sun ɗora zargi kan shigo da kifi mai rai ba tare da gwaji ba.

Kyafaffen kifi ba ya haihuwa, ba ya tserewa cikin kogi. Amma jarka ɗaya ta 'ya'yan kifi masu rai da aka tsallako da ita a bayan babur, ba takardar likitan dabbobi, tana iya ɗauko cutar da za ta kashe gonakin gari guda. Idan kuma suka kuɓuce lokacin ambaliya suka gauraya da na daji, to an taɓa dukiyar da ba a iya mayarwa. Tun farkon shekarun 1980 aka fara gwada kiwon karfasa cikin keji a kogin Isa a yankin Tilaberi, kuma kifin da ya saba da zafinmu da ruwanmu shi ne jarin da za a gina ingantaccen irin gobe a kansa, kamar yadda Asiya ta gina nata a kan na Ghana da Senegal.

Abin da ya kamata a tambaya kafin a biya

Ga wanda ke sarin 'ya'yan kifi, ko yake ba manoma jari domin su kawo masa kaya, akwai tambayoyin da ba su da tsada. Idan karfasa ce, a tambaya ko maza zalla ne, kuma ta wace hanya aka samu, ta magani ko ta gwarzon namiji. A tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su, domin shekaru sun fi tsawo muhimmanci. A nemi ganin iyayen, a ji daga ina aka samo su, da kuma yaushe rabon da a kawo sabon jini. Mai gidan da ke da littafin da yake rubuta waɗannan abubuwa ya fi wanda zai ce a yarda da shi kawai. A duba ko girmansu ɗaya, musamman tarwada da manyanta ke cinye ƙananan, a kuma lura da masu karkataccen jiki. Idan za a tsallaka iyaka da su, a bi ta hannun jami'an kiwo da na duwan a karɓi takarda. Sabon zuwa kuma a ware shi a kwami daban na mako biyu ko uku kafin a haɗa shi da na gida.

Wanda ya saya daga sabon wuri, ya fara da kaɗan, sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan wata uku ko huɗu a kamo guda 50 a duba. Idan an ga mata da ƙwai a baki, ko ƙananan 'ya'ya na yawo a gefen ruwa, to an san matsayin wannan gidan ƙyanƙyasa. Kuɗin iri kaɗan ne idan aka kwatanta da na abinci, wanda shi ke cinye fiye da rabin abin da manomi ke kashewa, don haka rangwamen da aka samu a kan mugun iri, a buhun abinci ake biyansa ninki-ba-ninki. Araha dai ba ta ado.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kifi na kasuwanninmu da su riƙa tattara sunayen gidajen ƙyanƙyasar da aka gwada aka ga amfaninsu, su kuma nemi shawarar ma'aikatan gidan gona da cibiyoyin bincike irin ta New Bussa da ke bakin Tafkin Kainji. Hukumomi su ma su taimaka da tashoshin iri a kusa da manoma, yadda ba sai mutum ya yi kasadar fasa-ƙwauri ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.